Zaɓen Ƙananan Hukumomi: Yadda Maguɗi Ke Korar Jama'a Daga Rumfunan Zaɓe, Da Abin Da Shari'a Ta Ɗora Mana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya umarci bayinsa da adalci da riƙon amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga watan Agusta na 2024 zuwa watan Fabrairu na 2025 jihohi da dama a Nijeriya sun gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi, ɗaya na bin ɗaya. A Bauci, jam'iyyar PDP ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 20 duka. A Kebbi, APC ta lashe duka 21, a Sakkwato ta lashe duka 23, a Jigawa duka 27, a Kaduna duka 23. A Kano, ranar 26 ga Oktoba 2024, NNPP ta kwashe duka 44 tare da kujerun kansiloli 484. A Zamfara PDP ta ɗauke duka 14, sannan a Katsina APC ta ɗauke duka 34. Jam'iyyu uku ne mabambanta da ba sa ga maciji da juna, amma sakamakonsu ya fito kamar a tukunya ɗaya aka dafa shi: jam'iyyar da gwamna ke ciki ita ce ke cinye komai.

Kano kaɗai ta isa misali. A watan Janairu na 2021, lokacin da APC ke mulkin jihar, ita ta lashe duk kujeru 44 da mazaɓu 484. Bayan shekara uku da 'yan watanni, lokacin da gwamnati take hannun NNPP, sai ga ita ma ta lashe waɗannan kujeru ba tare da ta bar ko ɗaya ba. Duk wanda ya san Kano ya san babu wani lokaci da mutanenta suka taɓa zama masu ra'ayi ɗaya a siyasa. A Ribas kuwa, a zaɓen 5 ga Oktoba 2024, wata ƙaramar jam'iyya mai suna APP, wadda magoya bayan gwamna suka shiga saboda rikicin da ke cikin PDP, ita ta lashe 22 daga cikin 23. Wannan ya nuna cewa nasarar tana bin sawun gidan gwamnati ne duk inda ya karkata. Kotun Ƙoli ta soke wannan zaɓe a ranar 28 ga Fabrairu 2025 saboda saɓa wa dokar zaɓe.

Cinye kujeru duka shi kaɗai ba hujja ba ce ta maguɗi a gaban alƙali, domin yana yiwuwa jam'iyya ta yi rinjaye na gaskiya a wani wuri. Amma idan abu ya maimaitu a kowace jiha, ƙarƙashin kowace jam'iyya, a kowane zagaye, to ruwa ba ya tsami banza. Shugaban Hukumar Zaɓe ta Ƙasa na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, da kansa ya taɓa kwatanta waɗannan zaɓuɓɓuka a 2024 da naɗin sarautar 'yan takarar jam'iyya mai mulki. Abin da muke so mu duba a nan shi ne abin da wannan hali ya jawo wa talaka mai katin zaɓe, da dalilin da ya sa ya daina fitowa, da kuma hukuncin da addininmu ya yanke wa kowane ɓangare na wannan aiki.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma

Da yawa daga cikinmu muna raina wannan zaɓe, muna ganin ciyaman da kansila ba su kai a ɓata musu yini guda ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya nuna akasin haka. Sashe na 7 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, kuma Jadawali na Huɗu ya jero ayyukansu: kula da maƙabartu, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Ke nan tun daga asibitin sha-ka-tafi inda ake awon ciki, zuwa ajin da yaro zai fara koyon baƙi, har zuwa ƙasar da za a rufe mu da ita, akwai hannun ƙaramar hukuma a ciki.

Akwai kuma dukiya. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya. Shekara da shekaru waɗannan kuɗaɗe suna bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi, kuma gwamnoni da yawa sun gwammace su naɗa kantomomi a kan su yi zaɓe. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma duk wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta. Wannan hukunci ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe. Sai dai wanda aka hana shi naɗa kantoma, idan hukumar zaɓe tana aljihunsa, abin da zai yi kawai shi ne ya sauya wa kantoman suna ya kira shi zaɓaɓɓen ciyaman.

Inda ɓarnar take farawa

Maguɗin zaɓen ƙaramar hukuma ba ya jiran ranar zaɓe. Tun ran gini tun ran zane. Tsarin mulki ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanta da kwamishinoninta, majalisar jiha ta amince, sannan daga baitulmalin jiha take samun kuɗin aiki. Mai takara ne ya zaɓo alƙalin wasa, shi ne kuma ke ciyar da shi. A Kano, kwanaki kaɗan kafin zaɓen 2024, Babbar Kotun Tarayya ta ce shugabannin hukumar zaɓen jihar ba su cancanta ba saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki, ita kuma Babbar Kotun Jiha ta ba da umarnin a ci gaba da zaɓe. Talaka ya wayi gari bai san ko zaɓen da ake kiran sa ya fito ya yi halastacce ne a idon doka ba.

Mataki na biyu shi ne toshe ƙofar takara. Ana sa kuɗin fom mai tsadar da malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya biya ba. A zaɓen Kano na 2024 hukumar ta fara sanya naira miliyan 10 ga mai neman kujerar ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, har sai da maganar ta kai kotu. A cikin jam'iyya mai mulki kuma ba kasafai ake zaɓen fid da gwani na gaskiya ba. Ana rubuto sunaye daga babban birni, a kira abin maslaha, jama'a kuwa su kira shi ɗauki-ɗora. Ganin haka, manyan jam'iyyun adawa sukan ƙaurace wa zaɓen tun kafin a buga takardun ƙuri'a.

Ranar zaɓe kuma abubuwan da masu sa ido da 'yan jarida suka saba ruwaitowa sanannu ne. A hana zirga-zirga tun safe, a rufe kasuwa, amma kayan zaɓe ba za su iso rumfa ba sai rana ta take, wani wurin ma ba za su iso ba sam. Inda suka iso, sau da yawa a zo da takardun dangwalawa amma babu takardar rubuta sakamako, wadda ita ce ran zaɓen. Na'urar tantance masu zaɓe da Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ke amfani da ita galibi babu ita a waɗannan zaɓuɓɓuka, saboda haka mutum ɗaya na iya zama ya yi ta dangwale da sunan mutane ɗari. Inda aka ga alamar adawa za ta yi ƙarfi, sai a saki 'yan daba su tarwatsa layi ko su gudu da akwati. Ba mu manta da hotunan da suka yaɗu bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairu 2018 ba, waɗanda suka nuna ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a, har Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta kafa kwamitin bincike a kai. Daga ƙarshe a tara 'yan jarida a hedikwata a karanto sunayen waɗanda suka yi nasara, a wasu jihohin ba tare da an faɗi ƙuri'a nawa kowace rumfa ta kawo ba. Wanda aka zalunta idan ya ce zai kai ƙara, kotun sauraron ƙararrakin wannan zaɓe ma a ƙarƙashin dokar jihar take.

Yadda maguɗi ke korar mai zaɓe

Ana yawan zargin talaka da lalaci ko rashin wayewa idan aka ga rumfuna babu kowa. Wannan zargi bai yi masa adalci ba. Mai sayar da kayan miya da ya rufe teburinsa, da ɗan acaɓa da ya ajiye babur, da uwar da ta bar yara a gida ta tsaya a rana, kowannensu ya biya farashi kafin ya jefa ƙuri'a. Mutum yana biyan farashi ne idan yana sa ran abin da ya saya zai zo hannunsa. Idan ya fito sau ɗaya bai ga malaman zaɓe ba, ya fito na biyu aka sanar da sakamako tun yana kan layi, to a karo na uku hankalinsa ne zai ce masa ya zauna gida.

Alƙaluman zaɓen shugaban ƙasa suna nuna yadda gwiwar jama'a ke sanyi. A 2003 an ce kimanin kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fito. A 2011 adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 54, a 2015 kimanin 44, a 2019 kimanin 35, sannan a 2023 kimanin 27, wato mutum kimanin miliyan 25 daga cikin fiye da miliyan 93 da ke cikin rajista. Wani ɓangare na wannan raguwa ya samo asali ne daga shigowar na'urorin tantancewa tun daga 2015, waɗanda suka rage damar aringizon ƙuri'u, ma'ana wasu daga cikin manyan alƙaluman baya na bogi ne. Amma wannan ma darasi ne, domin yana nuna cewa maguɗi yana iya ɓoye rashin fitowar jama'a na tsawon shekaru, a yi ta rubuta cewa an fito alhali ba a fito ba. Idan haka abin yake a zaɓen da duniya ta zuba wa ido, ana iya ƙiyasta halin da zaɓen kansila yake ciki a ƙauyen da babu ɗan jarida ko ɗaya.

Babban haɗarin shi ne abin yana ciyar da kansa. Maguɗi ya kori jama'a, rashin jama'a kuma ya sauƙaƙa maguɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rumfar da mutum ɗari uku suka tsaya har aka ƙirga ƙuri'a a gabansu tana da wuyar sauya wa sakamako. Rumfar da mutum goma sha biyu suka leƙa suka wuce, duk sauran sunayen da ke cikin rajistarta sun zama ganima ga mai biro. Wanda ya zauna gida yana zaton ya janye hannunsa, alhali an yi zaɓe da sunansa, an kuma ba wanda ba ya so.

Ba kowa ke janyewa lokaci ɗaya ba. Waɗanda suka fara ɗauke ƙafa su ne mata da tsofaffi, domin babu magidancin da zai bar iyalinsa su je inda ake zare wuƙaƙe. Ya kamata mu tuna cewa sai a 1976, shekarar da aka yi garambawul ɗin da ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, bayan irin gwagwarmayar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta. Abin da aka samu da wahala, yau 'yan daba ke ƙwace shi ba tare da an sauya doka ko ɗaya ba. Bayan mata da tsofaffi sai mutanen kirki da suka cancanci takara su janye, domin mai mutunci ba zai sayar da gonarsa ya shiga tseren da aka riga aka sanar da wanda ya ci ba. Waɗanda suka rage a fili su ne mai saye da mai sayarwa. Nan ne ƙuri'a ke faɗuwa zuwa farashin taliya da sabulu da atamfa, domin mai zaɓen da ya yanke ƙauna zai ce tunda ba za a ƙirga ba, gara ya karɓi abin da ya samu.

Sakamakon ƙarshe yana bayyana a kan aiki. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'ar mutanen garinsu ta kawo shi ba, ba su zai riƙa kallo ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa ake samun sakatariyar ƙaramar hukuma a kulle sai ƙarshen wata, shugaban kuma yana zaune a babban birni kusa da wanda ya ɗora shi, rufin makarantar firamare na yoyo, asibiti babu ko maganin zazzaɓi.

Muna da shaidar cewa abin ba ƙaddarar da ba ta sauyuwa ba ce. A Babban Birnin Tarayya, inda Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, zaɓen Fabrairu 2022 ya ba APC uku, PDP uku. A Kaduna, lokacin da aka yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, har a 2021 jam'iyya mai mulki ta sha kaye a rumfar da gwamna ya jefa ƙuri'arsa. Da aka ajiye na'urar a 2024, sai jam'iyya mai mulki ta lashe duka 23 da mazaɓu 255. Inda aka bar ƙofa a buɗe ko da kaɗan, ra'ayin jama'a yana fitowa launi-launi kamar yadda yake a zahiri.

Ma'aunin Shari'a

Malamai da dama na wannan zamani sun bayyana cewa ƙuri'a shaida ce: mai jefa ta yana shaidar cewa wane ya fi dacewa da riƙon al'amarin jama'a. Tana kuma ɗauke da ma'anar wakilci, da ma'anar ceto, wato sa baki domin wani ya samu matsayi. Suratun Nisa'i, aya ta 85, ta nuna cewa mai sa baki a alheri yana da rabo a cikinsa, mai sa baki a sharri ma yana da kaso a cikinsa. Akwai malaman da suke da ja a kan tsarin dimokuraɗiyya kansa, kuma mafi yawan waɗanda suka halatta shiga zaɓe sun gina fatawarsu ne a kan neman maslaha da zaɓar mafi sauƙin cutarwa biyu. Amma babu saɓani ko kaɗan a kan haramcin ƙarya da sata da cin amana, kuma da waɗannan ukun ake gina maguɗi.

Mu fara da malamin zaɓen da ya rubuta ɗari biyar a inda mutum hamsin suka fito. Wannan shaidar zur ce, sannan ya yi ta da bakin mutanen da ba su halarta ba, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, kuma da ya zo kanta sai ya tashi zaune daga kishingiɗa ya yi ta maimaitawa. Suratul Hajji, aya ta 30, ta haɗa hani ga ƙaryar magana da hani ga bautar gumaka a wuri ɗaya. Sa hannu a takardar sakamakon bogi ba ya zama ƙaramin abu don kawai an ce umarni ne daga sama, domin babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci.

Mai naɗa hukumar zaɓe da mai ɗora ɗan takara kuma suna ƙarƙashin hukuncin amana. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amanoni ga masu su da yin hukunci da adalci, kuma malaman tafsiri sun ce shugabanni ne farkon waɗanda take magana da su. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya fassara tozarta amana da danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba, ya kuma sanya hakan cikin alamomin tashin Alƙiyama. Muslim ya ruwaito yadda ya hana Abu Zarri muƙami duk da tsoron Allahnsa, ya sanar da shi cewa mulki amana ne da zai zama nadama ranar Lahira ga wanda bai ɗauke shi da haƙƙinsa ba. Idan sahabi irin Abu Zarri aka yi wa wannan gargaɗi, ina ga wanda ya hau kujera ta hanyar satar akwati?

Sayen ƙuri'a kuma rashawa ce. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito tsinuwar Annabi (SAW) ga mai bayar da rashawa da mai karɓa. Akwai kuma hadisin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Mun san talauci ya yi wa jama'a katutu, kuma zunubin mai amfani da yunwar mutane ya fi na mai yunwar nauyi nesa ba kusa ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mudun shinkafar da aka karɓa a bakin rumfa, shekara uku za a yi ana biyan sa da rashin magani a asibiti.

Akwai kuma laifin da ya shafi magoya baya, wato yin tsit idan namu ne suka yi, da ɗaga murya idan wasu ne. Wanda ya yi kukan zalunci a 2021 shi ne ya yi murna a 2024, wanda ya yi murna a 2021 kuma ya dawo yana kuka. Wannan shi ne halin masu tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko: su cika idan su ake auna wa, su tauye idan su ke aunawa. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta tsayar da shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi, aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuma ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Jam'iyya ba ta kai uwa da uba ba.

Tarihinmu ma yana koya mana darajar jin ra'ayin jama'a. Bayan rasuwar Sayyidina Umar, Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana zagaya Madina yana tuntuɓar mutane kafin a yi wa Sayyidina Usmanu mubaya'a. A ƙasarmu kuma, daga cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai karɓar gaisuwa da ɗora wa talakawa haraji ba bisa ƙa'ida ba. Al'ummar da ta gaji wannan tarihi bai kamace ta ta ɗauki sayen kujera a matsayin wayo ba.

Shin wanda ya zauna gida ya yi laifi?

Wannan tambaya tana bukatar tsanaki. Suratul Baƙara, aya ta 282 da ta 283, ta hana shaidu ƙin amsa kira, ta kuma hana ɓoye shaida, kuma da waɗannan ayoyi wasu malamai suka kafa hujja a kan cewa bai dace a ƙaurace wa zaɓe ba idan akwai wanda ya fi cancanta. A ɗaya ɓangaren, Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Wanda ya ji tsoron ransa ko mutuncin iyalinsa yana da uzuri, haka wanda ya je bai tarar da akwati ba. Nauyin waɗannan yana wuyan wanda ya kore su.

Amma uzurin mutum ɗaya bai zama uzurin gari guda ba. Tsare haƙƙin jama'a yana cikin wajiban da idan wasu suka tsaya musu an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Unguwar da ke cika masallaci sahu-sahu da asuba ba za ta rasa mutum ashirin masu mutunci da za su tsaya a rumfa har a gama ƙirga ba. Mai maguɗi ya fi kowa farin ciki da fushinmu idan fushin zai ƙare ne a zaman gida.

Ina mafita?

A matakin doka, ana ta muhawara a kan ko a rushe hukumomin zaɓen jihohi a miƙa aikin ga Hukumar Zaɓe ta Ƙasa. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa bayan ya amsa da bakinsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da kurakurai, ya ba da shawara tun 2008 cewa a shigar da su cikin tsarin hukumar ta ƙasa, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe. Masu adawa da wannan suna cewa tara komai a Abuja ya saɓa wa tsarin tarayya, kuma yana iya sauya uban gida kawai, daga gwamna zuwa shugaban ƙasa. Tsoronsu yana da tushe. Ko wace hanya aka bi, akwai abubuwan da bai kamata a yi sassauci a kansu ba: a raba naɗin shugabannin hukumar da kuɗin aikinta daga hannun mai takara, a tantance kowane mai zaɓe da na'ura, a liƙa sakamakon kowace rumfa a bangonta kafin a bar wurin, a kuma ga an hukunta wani babba ko da sau ɗaya. Gyaran tsarin mulki yana bukatar amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, saboda haka ɗan majalisar jihar da muke gani a wurin ɗaurin aure da jana'iza shi ne ya kamata mu tambaya ina ya tsaya.

Sauran aikin kuma a gidajenmu yake. Gwamna ba ya dangwala ƙuri'a dubu da yatsansa. Malamin zaɓen wucin gadi ɗanmu ne, sau da yawa malamin makaranta ko ɗalibi. Yaron da aka ba ƙwaya da gora daga cikin unguwarmu aka ɗauke shi, kuma idan aka sare shi mu za mu yi masa sutura. Matar da ke raba atamfa gida-gida maƙwabciyarmu ce. Wajibi ne magidanci ya tambayi ɗansa inda ya samo kuɗi ranar zaɓe, kamar yadda zai tambaye shi idan ya shigo da akuyar da ba tasu ba. Ɗalibin da aka ɗauka aikin zaɓe ya sani cewa alawus ɗinsa halal ne muddin ya rubuta abin da ya ƙirga, kuma idan aka matsa masa, ajiye biro ya fi masa alheri a kan sa hannu.

Limamai da malaman islamiyya su ma suna da rabonsu. Ana yin huɗuba a kan riba da tauye mudu a kasuwa, ya dace a yi a kan tauye mudun ƙuri'a, kuma a yi ta a lokacin da jam'iyyar da limamin yake ƙauna ce ke mulki, domin a nan ne za a gane don Allah ake yi. Malamin da ya karɓi kujerar Makka ko mota daga hannun mai mulki ya auna ko harshensa zai iya faɗin wannan gaskiya bayan haka. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin unguwa suna iya kiran masu neman kansila su zauna gaban jama'a su faɗi abin da za su yi wa makaranta da asibiti da magudanar ruwa, a rubuta, a ajiye, a sake kiran wanda ya hau bayan shekara guda. Ko da ɗauki-ɗora ne ya kawo shi, idan ya san akwai idanun da ke bin sa, ba zai yi barci da minshari ba.

Muna roƙon Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa kuma masu tausayinmu, ya tsare hannayenmu daga rubuta ƙarya da karɓar haram, ya shiryi matasanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne mafi sani.